ZAUREN IYALI: Wa Zai Zama Likitan Gidanmu?

  Yau maganar tawa da ɗalibai ce, musamman waɗanda ke shirin BEPC da waɗanda BAC ke gabansu. Sai dai ina roƙon iyaye maza da iyaye mata kada su miƙe su bar mu, domin rabin zancen a kansu zai sauka.

Duk yaron da aka tambaya abin da yake son zama ya ce likita, in ka ƙara masa tambaya guda za ka tarar likitan fiɗa yake nufi, ko na zuciya, ko na ƙwaƙwalwa, kuma idonsa na kan Kwatano, in ma bai tsallaka teku zuwa Faransa ba. Buri ba laifi ba ne, kuma ƙasa na bukatar waɗannan duka. Amma akwai wani likita da ba a cika ambatonsa a hirar yara ba, alhali shi ne wanda gidajenmu na unguwar Gare da Zongo, a nan Paraku da can Jugu, suka fi kowa ƙishirwarsa. Shi ne likitan iyali.

Wane ne shi? Likita ne da bai zaɓi wata gaɓa ta jiki ya tsaya a kanta ba, bai kuma zaɓi shekarun marar lafiya ba. Da safe ya duba jariri mai zazzaɓi, ya auna cikin uwarsa, da hantsi kakan yaron ya shigo da ciwon gwiwa da hawan jini. Shi ne ƙofar farko da ake ƙwanƙwasawa. Abin da yake iyawa ya yi maganinsa nan take, kuma shi ne mafi yawa. Abin da ya fi ƙarfinsa ya gane shi da wuri, ya rubuta takarda ya tura babban asibiti, in an sallamo mutum ya dawo hannunsa ya ci gaba da bibiya. Da Faransanci médecin de famille ake ce masa, a asibitocinmu kuwa mafi kusa da shi shi ne wanda muke kira généraliste. Abin da ya bambanta shi da sauran likitoci shi ne daɗewa. Shekara goma, shekara ashirin yana tare da gida ɗaya, har ya san wanda ya gaji ciwon suga daga wane, da wadda haihuwarta ta fari ta zo da gardama, da dattijon da ba ya shan magani sai an haɗa shi da babbar 'yarsa.

A shekarar 1961 wani likita a Amurka mai suna Kerr White da abokan aikinsa suka yi wani lissafi da har yau ake karantar da shi. Suka ce in ka ɗauki manya 1,000 cikin wata guda, kimanin 750 za su ji wani ciwo ko rauni, 250 za su je wurin likita, 9 za a kwantar a asibiti, mutum 1 kacal zai kai ga asibitin koyarwa na jami'a. Alƙaluman daga Amurka da Ingila aka samo su, ba daga Bargu ko Donga ba, to amma siffar abin ɗaya ce ko'ina. Ciwo yawancinsa a ƙasa yake, cikin gida da unguwa. Abin mamaki shi ne ɗalibin likitanci yana yin mafi yawan karatunsa ne a kan wancan mutum guda da ya isa asibitin jami'a, don haka ba mamaki ya fito yana ganin can ne kawai aikin likita yake.

Mu dubi yadda aka tsara kiwon lafiya a ƙasar nan. An raba Jamhuriyar Benin zuwa yankunan lafiya 34. A ƙasa akwai ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka, sama da su asibitin yanki, kamar na Boko da ke arewa da Paraku ko na Ordre de Malte a Jugu, sannan babban asibitin jiha irin CHUD na Bargu da Alibori da ke nan garin, a can ƙoli kuma CNHU na Kwatano, wanda ke ɗauke da sunan Hubert Maga, shugaban ƙasa na farko, haifaffen Paraku. A takarda tsarin ya yi kyau, kamar matakala. To amma matakin farko, inda jama'a suka fi yawa, galibi ma'aikatan jinya da unguwarzoma ne ke riƙe da shi. Allah ya saka musu da alheri, su ne suka tallafi lafiyar ƙauyukanmu shekara da shekaru, wani lokaci da fitilar hannu. Sai dai akwai cututtukan da ganewarsu na bukatar doguwar tarbiyyar likita, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa mutum kayan da ba a horar da shi ɗauka ba.

Kowa cikinmu ya san hanyar da ciwo ke bi a gidajenmu. Ranar farko a aiki yaro ya sayo ƙwaya wurin mai tebur. Kwana biyu a jiƙa saiwa. In bai sauka ba a karɓo rubutu, a kira wani mai allura da ba wanda ya taɓa ganin takardar shaidarsa. Sai ciwo ya ci jiki, mutum ba ya iya zama kan babur sai an riƙe shi ta baya, sannan a nufi CHUD da dare. A can a biya kuɗin gado, da na awo, da na ƙarin jini, abin da ya ninka kuɗin ganin likita tun farko sau goma ko fiye. Wani a dawo da shi da ƙafarsa, wani a dawo da shi a makara, a ce kwana ya ƙare. Kwana kam na Allah ne, babu mai ja. Amma sakaci namu ne. A 2017 hukuma ta kai samame Adjégounlè, sashen masu sayar da magani na kasuwar Dantokpa a Kwatano, ta kwashe tarin magungunan da ba su da izini. An yi abin da ya dace. Sai dai mai tebur ba ya samun ciniki sai inda likita ya yi nisa, ko ya yi tsada, ko ba ya jin yaren marar lafiya.

Ɗauki hawan jini, wanda mutanenmu ke kira tansiyo. Ciwo ne marar sallama. Mutum na iya shekara biyar awonsa na sama da 14/9 bai ji ko ciwon kai ba, yana tuƙa babbar mota daga Kwatano zuwa Malanbil, yana cin gishiri da dunƙulen miya a kowace tasha, yana shan shayi mai suga don kore barci. Ranar da zai sani ita ce ranar da ɓarin jiki ya shanye. Daga nan gida ya rasa mai ciyar da shi, yara biyu su bar lakwal. Likitan ƙwaƙwalwa, komai gwanintarsa, a ƙarshen labarin yake shigowa. Wanda zai iya sauya labarin shi ne wanda ya ɗaura wa direban nan abin awo a hannu ranar da ya kawo ɗansa kaciya ko rigakafi, ya ce masa, “Alhaji, zauna mu yi magana.” Abin awon ba tsada gare shi ba, ƙwayoyin ma yawancinsu masu sauƙin kuɗi ne. Abin da ke da tsada shi ne mutumin da zai tuna, bayan wata uku, cewa Alhaji bai dawo ba, ya aika a kira shi.

Haka ciwon suga, haka ciwon hanta, haka amosanin jini da muke ce wa sikila. In saurayi da budurwa duka AS ne, kowane ciki da za a ɗauka yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan magana kafin a kai goro ya kamata a yi ta, cikin sirri da hikima, kuma ba wanda zai iya yin ta kamar likitan da gidajen biyu suka sani, suka kuma amince da bakinsa.

A nan nake so in ɗan daɗe, domin nan ne ɗan unguwarmu ya fi wanda aka turo daga nesa. Aikin likita rabinsa sauraro ne. Tsohuwa ta ce tana da “sanyi”. Me take nufi? Ciwon gaɓoɓi, ko mura, ko kuwa larurar mata da kunya ta hana ta kira da sunanta? Wani ya ce “zafi” ke damunsa, wani ya ce “basir”, kuma basir a bakin Bahaushe ya ɗauko tun daga ciwon baya har zuwa raunin mazakuta. A ce yaro na da “shawara”, a ce “daji” ya kama ƙafa, a ce “iska” ta taɓa yarinya. In likita bai ji Hausa ba, sai a nemo tafinta, sau da yawa ɗan marar lafiyar ne ko wani mai shara da ke wucewa. To wace uwa ce za ta bayyana ciwon mararta ta bakin ɗanta namiji? Sai ta ce ciwon kai, a rubuta mata maganin ciwon kai, ta koma gida da abin da ya kawo ta.

Ga wani misali da ya fi wannan nauyi. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun lura mata masu jego na zuwa musu da yawa da kumburin jiki da sarƙewar numfashi, zuciya ta gaza. Da suka bi diddigi sai suka danganta yawan abin da al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa mai yawa, ita kuwa kanwa cike take da sinadarin gishiri da ke tara ruwa a jiki. Likitan da bai taɓa jin kalmar wankan jego ba, ta yaya zai yi tambaya a kansa? Wanda kuma ya tashi cikin gidan da ake yi, ya san ba a shiga wurin kaka a ce mata al'adarta jahilci ce. Zai gaishe ta, ya yaba kulawar da take yi wa mai jego, sannan ya roƙi a sassauta zafin ruwan, a rage kanwar, a kawo yarinyar awo bayan mako guda. Haka zai yi da wanzami kan cire belu da tsagar jarirai, haka da maɗori kan karayar da ta huda fata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yaranmu kuwa Allah ya ba su wata dukiya da ba su san darajarta ba. Yaron da ya tashi a Gare yana jin Hausa a gida, Dandanci a kasuwar Arzeke, ya tsinci yaren Bariba da Yarbanci wurin abokai, wataƙila da ɗan Fulatanci wurin masu kawo nono, ga Faransanci a lakwal. Na Jugu ya ƙara da Yom ko Lokpa. A ɗakin duba marasa lafiya na arewacin ƙasar nan, wannan ya fi wata na'urar amfani.

Sai maganar 'ya'ya mata. Sau nawa muka ji magidanci ya hana matarsa zuwa awo don namiji ne ke dubawa? Malamai sun yi bayani cewa larura na halatta hakan, amma ba kowa ke saurare ba, kuma matan da kansu da yawa sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu. Abin da ban gane ba shi ne, mutumin da ya fi kowa ɗaga murya kan sai mace ta duba iyalinsa, shi ne kuma ke cire 'yarsa daga aji uku na kwaleji. To daga ina likita macen za ta fito? Daga gidan wa? Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta sadu da ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. A 2009 gwamnatin ƙasar nan ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa a asibitocin da aka amince da su. Amma fiɗa ba ta ceton wadda aka kawo bayan ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, ko wadda jijjiga ta kama don ba a taɓa auna jininta ba. Aure da karatun likita ba sa hana juna, in an sami miji mai fahimta da uwar miji mai haƙuri, kuma ana iya sa wannan cikin sharuɗɗa tun wurin neman aure.

Yanzu ga hanya, ya ku ɗalibai. Iyayenku sun san lokacin da duk mai son karatun likita sai ya tafi Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 400, ko ya fita waje. A 2001 aka buɗe Jami'ar Paraku, da sashen koyon likitanci a cikinta. Yau yaron Gare na iya kwana ɗakin uwarsa, ya ci tuwon gidansu, ya zama likita. Na Jugu kuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce, kuma da wuya a rasa dangi a Zongo da za su ba shi masauki. Wannan ni'ima ce da na ga kamar ba mu gode mata yadda ya kamata ba.

Shawarar ba a ajin ƙarshe ake yanke ta ba, tun bayan BEPC ne, lokacin zaɓen sashe. Ƙofar likitanci ta sashen kimiyya ce, C ko D. Wanda ya gudu daga lissafi ya faɗa sashen adabi don sauƙi ya rufe wa kansa wannan ƙofa yana ɗan shekara goma sha biyar, sau da yawa ba tare da wani babba a gida ya san an yi ba. Bayan haka cin BAC kawai bai isa ba. Da makin da aka samu ake jera ɗalibai, musamman na ilimin halittu, da kimiyyar sinadarai da ta fiziks, da lissafi, kuma na sama ke samun gurbi da tallafin gwamnati. Maki ɗaya na iya raba wanda za a biya wa da wanda zai biya. Karatun kansa shekara bakwai ne, farkonsa aji da haddar sassan jiki, tsakiyarsa da ƙarshensa zagayen ɗakunan asibiti da kwanan gadi, a rufe da kundin bincike da rantsuwa, sannan a yi rajista da hukumar likitoci ta ƙasa. Wanda makinsa bai kai ba kada ya yanke ƙauna: a jami'ar nan akwai IFSIO, inda ake horar da ma'aikatan jinya da unguwarzoma, kuma likitan iyali ba ya aiki sai da su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a nan arewa aka gwada irin likitancin da nake magana a kai. Daga 2009, wata ƙungiyar Faransa mai suna Santé Sud tare da sashen likitanci na Jami'ar Paraku suka taimaka wa matasan likitoci fiye da goma suka zauna a ƙauyukan arewacin ƙasar. Aka ƙara musu horo na musamman kan aikin karkara, aka taimaka musu da kayan aiki, suka buɗe ɗakunan duba marasa lafiya bisa yarjejeniya da hukumomin lafiya da na gari. Sunan da aka ba su shi ne médecin généraliste communautaire, wato likitan kowa da kowa mai zama cikin al'umma. Suna duba marasa lafiya, suna karɓar haihuwa, suna ƙananan ɗinki, suna rigakafi, jama'a na biyan kuɗi daidai ƙarfinsu. Dabarar daga Mali aka ɗauko ta, inda tun 1989 aka fara zaunar da likitocin karkara, har abin ya kai jami'ar Bamako ta buɗe takardar ƙwarewa ta musamman kan likitancin iyali da al'umma a farkon shekarun 2010.

Ga wanda ke jin Turanci kuwa, maƙwabciyarmu Nijeriya ta daɗe a wannan fage. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasar, wadda aka kafa a 1979, tana da sashen likitancin iyali, haka ma kwalejin likitoci ta Afirka ta Yamma, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya na horarwa a kai. A can likitan iyali ƙwararre ne mai cikakken matsayi kamar likitan fiɗa. Haka abin yake a Ingila, inda suka kafa kwalejinsu a 1952, da Amurka da ta amince da fannin a 1969, da Faransa da ta mai da shi fannin ƙwarewa a 2004. Kyuba kuwa a 1984 ta fara sa likita da ma'aikaciyar jinya cikin kowace unguwa. Na kawo waɗannan ne don mai cewa généraliste likita ne da bai ƙarasa ba ya san duniya ta wuce wurin.

Ƙasarmu ma ba baƙuwa ba ce a wannan tunani. Lokacin da ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata a 1978 suka amince cewa kiwon lafiya daga tushe ake gina shi, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin Afirka ɗan ƙasar nan ne, Dakta Comlan Alfred Quenum na garin Wida, wanda ya riƙe muƙamin daga 1965 har rasuwarsa a 1984. Da ministocin lafiya na Afirka suka fito da Shirin Bamako a 1987, Benin na cikin na farkon da suka aiwatar. A 2019 yankin Jugu da Kopargo da Wake na cikin wuraren da aka fara gwada inshorar lafiya ta shirin ARCH. A watan Afrilun 2024 aka shigar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara. Shirye-shirye dai ba a rasa ba. Kowanne cikinsu kuwa yana tsayawa ne ko ya faɗi a hannun wanda ke zaune a matakin farko.

Ba zan yaudare ku ba, 'ya'yana. Likitan iyali ba ya tara abin da likitan fiɗa na birni ke tarawa. In a ƙauye yake, zai sha fama da rashin wuta da ruwa, da hanyar da damina ke yankewa, da kaɗaici, ga matsalar tsaro da ta taɓa wasu sassan Alibori da Atakora tun daga 2021. In a unguwarsu yake, wata jarrabawar ce: ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare, da dangin da ke ganin kuɗin awo bai shafe su ba, da gwaggon da za ta tsare shi a wurin biki ta buɗe masa ƙafa. Zai riƙe sirrin mutanen da yake sallah sahu ɗaya da su, ya san abin da ke cikin jinin maƙwabcinsa, ya yi shiru har kabari. Wanda bakinsa ba ya riƙe magana ya nemi wata sana'a tun yanzu. Kuma kullum akwai mai kira daga waje da albashin da ya ninka na gida. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiya ya yi wa tsanani har ta nemi ƙasashe masu arziki su daina zawarcin ma'aikatansu. Benin na ciki, Nijar na ciki, Nijeriya na ciki. Ban ce wanda ya tafi ya yi laifi ba, kowa da uzurinsa. Na dai ce wanda ya zauna ya cancanci mu tashi tsaye in ya shigo taro.

To, iyaye, ga taku. Mu mutanen fatauci ne, ba ma jin kunyar hakan. Kakanninmu ne suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, suka yada zango a Jugu har ta zama gari. Da jirgin ƙasa ya iso Paraku a shekarun 1930, aka riƙa sauke kaya a Gare ana ɗora wa manyan motoci zuwa Nijar, unguwa ta cika da dillalai da direbobi da masu masauki. Shi ya sa in yaro ya kai shekara goma sha huɗu sai a ga zamansa a aji asara ne, ga shago na jira, ga mota na bukatar yaro. Amma jirgin fasinja ya daɗe da daina zuwa, kuma da aka rufe iyakar Nijar a 2023 kowa ya ga yadda motoci suka yi layi a Malanbil, ciniki ya tsaya cik a gidaje da yawa. Hikimar fatauci ita ce ba a zuba jari duka a kaya ɗaya. Mai 'ya'ya shida, in ya bar ɗaya ko biyu masu kaifin kai suka yi nisa a karatu, bai yi asara ba.

Ta fuskar addini ma zancen a fili yake. Malamai sun sa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda in babu mai yi a al'umma kowa na da laifi. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya koka da yadda a zamaninsa ake rububin fannonin da ke kawo muƙami a bar likitanci, har gari ya rasa likita Musulmi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Asibitin Ordre de Malte na Jugu tun 1974 yake karɓar matanmu da 'ya'yanmu, na Tangiyeta tun 1970, ba su taɓa tambayar addinin mai ciwo ba, kuma godiya ta wajaba a kanmu. Tambayar da ta rage ita ce, mu me muka kawo? Ga azumi na zuwa kowace shekara, mai ciwon suga na bukatar wanda zai zauna da shi makonni kafin watan ya kama, ya duba ko zai iya, ya sauya masa lokutan magani tsakanin sahur da buɗa-baki, ya gaya masa alamar da in ya ji dole ya karya. Wanda ya san ilimin jiki kuma ya san hukuncin marar lafiya a azumi, maganarsa ta fi shiga kunnen dattijo.

Shekara bakwai ba wasa ba ce ga aljihun talaka: kuɗin rajista, littattafai, abin sauraron ƙirji, kuɗin zemijan zuwa asibiti kullum. Amma al'ummar da ke iya haɗa kuɗin biki na kwana uku, da anko, da kujerar Makka ta biyu da ta uku, ba za ta ce ta gaza ɗaukar ɗalibi ɗaya ko biyu a shekara ba. Masallatan Juma'armu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da adashin mata na iya ware wani abu, a zaɓi yaro ko yarinya bisa maki ba bisa sanayya ba, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu cewa in ya gama zai yi wa yankin aiki na wasu shekaru. Ko zakka na shiga nan, wannan na bar wa malamai su duba.

Ku kuma ɗalibai, kafin ku yanke shawara, ku gwada kanku. In hutu ya zo, ku nemi izinin shugaban ƙaramin asibitin unguwarku ku yi mako guda kuna taimakawa, ko da jera mutane a layi ne ko fassara wa tsofaffi. Ku ga jini, ku ji wari, ku ga yadda ake gaya wa uwa labarin da ba ta so. Wanda ya dawo gida ya kasa cin abinci kwana bakwai a jere, akwai wasu hanyoyin alheri da yawa. Wanda kuwa ya tsinci kansa yana tambayar yadda yaron jiya ya kwana, to ya je ya sami malaminsa na ilimin halittu tun makon farko na komawa lakwal, ya tambaye shi makin da ake nema, ya zo ya gaya wa mahaifinsa a gaban mahaifiyarsa.